GARIN DA BA A JIN KUKAN JARIRI

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wata magana ce da ta tsaya mini a rai kusan wata biyu, na ga in ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba.

Ina da ƙane da ya tafi Amurka ta hanyar cacar biza, yana zaune kusa da birnin Finiks a jihar Arizona, sana'arsa kuwa tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti ta dawo da su gida. Ranar wata Asabar bayan la'asar, su can safiya ce, sai ga kiransa na bidiyo. Muna zaune a tsakar gida ni da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, take zaune a wurina tun rasuwar mijinta. Bayan mun gaisa ya juya wayar ya ce, "Yaya, ga garin nan da nake ba ki labari, duba ki gani."

Gani ya kori ji. Tituna fes kamar an lashe, gidaje 'yan madaidaita babu bene, ga itatuwa masu kama da giginya a jere, can sai ga wata tsohuwa kanta fari fat ta wuce a wata 'yar mota mai kama da a-daidaita-sahu, ita ke tuƙa kanta. Ya ce, "Me kika lura babu?" Na ce ban ga bola ba, ban ga kwata ba. Ya ce in sake dubawa. Kafin in yi magana Gwaggo da ke leƙe ta kafaɗata ta ce, "Kai ɗan nan, ina yaran garin? Wa ke yi musu aike?" Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo kin canka. Garin nan kaf tsofaffi ne, doka ta hana yaro zama a cikinsa."

Na yi salati, na shiga faɗa, na ce wannan ai rashin imani ne, mutane su kwashe iyayensu su zube a jeji kamar kayan da aka gama yayinsu. Gwaggo ba ta ce uffan ba. Sai da dare, na kai mata ruwan alwala, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, da akwai irin garin can a nan, da na tafi."

Wallahi maganar nan ta dake ni. Ita ce ta sa na zauna na yi ta tambayar ƙanen nawa, na kuma nemi tarihin garin na karanta, don in auna da kaina in ga me ke cikinsa da har tsohuwar da nake ganin ina kyautata mata za ta yi sha'awarsa.

Sunan garin Sun City, wato Birnin Rana, yana arewa maso yamma da Finiks. Wani attajirin ɗan kwangilar gine-gine mai suna Del Webb ne ya gina shi a kan tsofaffin gonakin auduga, aka buɗe shi ranar 1 ga Janairu, 1960. Abin da aka nuna wa jama'a ran nan bai wuce gidaje 5 na samfuri ba, da filin wasan golf, da rukunin kantuna, da wurin shaƙatawa. Amma cikin kwana 3 na farko mutum wajen 100,000 suka je kallo, aka sayar da gida 237. A 1962 har mujallar Time ta sa hoton mutumin a bangonta. Zuwa ƙidayar 2020 mazauna garin sun kusa 40,000. Ƙa'idarsu ita ce, kowane gida dole a samu mutum ɗaya aƙalla da ya kai shekara 55, wanda kuma bai kai 19 ba ba ya zama na dindindin, iyakarsa ziyarar da ba ta wuce kwana 90 a shekara ba. Ba kuma da ka suke yin haka ba, domin kuwa dokar Amurka ta 1988 da ta hana a ƙi sayar wa mutum gida ko ba shi haya don yana da yara ta keɓe irin waɗannan garuruwa, wata dokar ta 1995 ta ƙara sassauta musu.

A nan na fara gane kuskurena na farko. Ni da na ji an ce garin tsofaffi, gidan gajiyayyu ne ya faɗo mini a rai, inda ake ajiye wanda ba shi da kowa ba shi da komai. Ashe ba haka ba ne. Waɗannan ba kai su aka yi ba, da ƙafarsu suka je, da kuɗinsu suka sayi gidajen. Yawancinsu ma'aikata ne da suka yi ritaya, suna da fansho, ga kuɗin tsufa da gwamnatinsu ta kafa tun 1935, 'ya'yansu kuma aiki ya warwatsa su jihohi daban-daban. Mutum ya wayi gari shi da matarsa a ƙaton gida a jihar da ƙanƙara ke rufe ƙofa duk hunturu, sai ya sayar ya koma inda rana take.

To bari mu fara da alherin abin, don ko maƙiyinka ne in ya yi daidai sai ka faɗa.

Na farko, kuma mafi girma a ganina, shi ne abokin hira. Mu da ƙarfinmu muna ganin in an ba tsoho tuwo da magani da wurin kwana an gama masa komai, alhali akwai yunwar da tuwo ba ya kashewa. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan kaɗaici, inda ya kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da ta shan taba har kara 15 a rana. A garin nan kuwa duk inda tsoho ya juya sa'ansa ne. Wanda ya san waƙar da ya sani, ya ga zamanin da ya gani, in ya ce gwiwa na ciwo ba a ce masa ya cika ƙorafi. Suna da ƙungiyoyi sama da 100, masu ɗinki da saƙa, masu aikin kafinta, masu ginin tukwane, masu iyo, masu rawa. Ƙanena ya ce sau da yawa in ya je ɗaukar tsohuwa sai ta duba takardarta ta ce a yi sauri, tana da taro ƙarfe biyu.

Na biyu, an gina garin ne da awon jikin tsoho. Gida babu hawa da sauka, kanti kusa, babban asibiti a cikin gari tun 1970. Wanda idonsa ko hannunsa ya gaza da babbar mota sai ya hau 'yar ƙaramar motar golf ya je kasuwa ya dawo bai roƙi kowa ba.

Na uku shi ne mutunci. Duk macen da ta taɓa zama da uwar miji, ko ta ga yadda uwar miji ke zama da suruka, ta san abin da nake nufi. Tsohuwa tana cikin gidan ɗanta amma sai ta yi ta auna magana kafin ta nemi ƙarin miya. A can kuwa ɗakinta ne, tukunyarta ce, mabuɗinta na hannunta, ranar da ta ga dama ta yi baƙi, ranar da ta ga dama ta rufe ƙofa. Tsakani da Allah wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na huɗu, suna taimakon junansu. Akwai tsofaffin da suka sa kansu sintiri, suna zagaya unguwanni suna duba gidan wanda ya yi tafiya, akwai masu share tituna kyauta, akwai wurin da ake ba da aron keken guragu da gadon jinya, kai har gadon jariri ake ba da aro in jika ya zo hutu. Wato dai mutum bai zama shara ba don ya ajiye aiki.

In aka tsaya a nan sai a ce aljannar duniya ce. Sai dai kyan ɗan maciji ba ya hana shi dafi.

Aibi na farko shi ne wanda Gwaggo ta hango tun kafin kowa: babu yara. Gari ne da ba a suna, ba a kai amarya, ba a jin ihun 'yan makaranta an tashi. Gadon jaririn ma aro ne, kwana kaɗan a mayar. Kar mai karatu ya ɗauka dokar wasa ce. Maƙwabcin Sun City akwai wani ƙaramin gari, Youngtown, wanda ya riga shi kafuwa tun 1954, shi ma na tsofaffi. A 1996 hukumar garin ta ƙi yarda wani yaro ɗan shekara 16 ya ci gaba da zama wurin kakanninsa. Maganar ta kai ga babban lauyan jiha, aka bincika aka ga dokar garin ba ta zauna daidai ba, a 1998 aka soke ta. Ku duba fa, jika ne ya nemi inuwar kakansa, maƙwabta suka ga laifi ne. Idan ɗiyarka ta rasu ta bar maka marayu a irin wannan gari, zaɓi biyu gare ka, ko ka rabu da marayun ko ka rabu da gidanka.

Aibi na biyu daga na farkon ya tsiro. Wanda ya daina ganin yaro, sannu a hankali sai ya daina jin yaro nasa ne. A shekarun farko Sun City na cikin gundumar makarantu ɗaya da garin Peoria, kuma a tsarinsu sai an kaɗa ƙuri'a kafin a ci bashin gina sababbin ajujuwa. Tsofaffin nan suka yi ta kayar da ƙuri'ar, hujjarsu ita ce sun riga sun ilimantar da nasu, don me za su biya wa na wasu? Yaran maƙwabta suka yi ta cunkushewa a aji, har a 1974 aka cire garin daga gundumar don a huta. Mu da muke cewa ɗa na kowa ne, wannan abin dubawa ne. Ba na cewa mugaye ne, mai fansho dole ya yi tsimi. Amma katangar da ta raba su da hayaniyar yara ita ce ta raba su da tausayin yara.

Aibi na uku, garin na mai lafiya ne kuma mai abin hannu. Sai ka sayi gida ko ka kama haya, ga kuɗin wuraren shaƙatawa duk shekara. Matar da ta ƙare rayuwarta tana wanke-wanke a gidan abinci ba lallai ta iya ba. Sannan duk wasannin nan da ƙungiyoyin nan na mai iya tashi ne. Ranar da shanyewar ɓarin jiki ta zo, ko ruɗewar tsufa ta sa mutum bai gane matarsa ba, filin golf ba ya juya shi a kan gado, ba ya wanke shi. Dole a ɗauko mai jinya a biya shi da awa, ko a kai shi gidan jinya. Inshorar lafiyar tsofaffi da gwamnatinsu ta kafa a 1965, wadda suke kira Medicare, tana biyan asibiti da likita, amma ba ta biyan zaman jinya na shekara da shekaru. Sai mutum ya cinye abin da ya tara ya koma matalauci kafin tallafin marasa ƙarfi ya karɓe shi.

Aibi na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Tunda kowa sa'an kowa ne, to tare ake tsufa, tare ake gazawa, haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Maƙwabcin da zai leƙo ka shi ma yana neman mai leƙo shi. Ga garin cikin hamada yake, a bazarar 2023 sai da Finiks ta yi kwana 31 a jere zafi na kaiwa digiri 43 ko fiye, wanda in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya tsoho ba ya kai labari. A 2018, a Sun City West, ƙanwar wannan gari da kamfani ɗaya ya gina su, an yanke wa wata tsohuwa 'yar shekara 72 wutar lantarki cikin zafi a kan ragowar bashin dala 51. Bayan kwanaki aka tarar da gawarta a ɗaki. Sai bayan da labarin ya fito a 2019 hukuma ta hana yanke wuta a watannin zafi. Da akwai jika ko ɗaya da ke banko ƙofa da safe yana neman ɗumame, da wuya a kai ga haka.

To da na ɗora wannan a kan wancan, ga abin da ma'aunina ya nuna mini. Tsufa kashi biyu ne, akwai na farko lokacin da mutum ya ajiye aiki amma ƙafa na ɗaukarsa, akwai na ƙarshe lokacin da sai an ɗaga an kwantar. Garin nan gwani ne a kashin farko, a na biyun kuwa sai a hankali. Ya ba tsoho aboki, ya ba shi wasa, ya ba shi 'yanci, amma ya raba shi da ƙaramin da ke bukatarsa. Ku tuna matsayin kaka a wurinmu. Wurinta ake kai yaro yaye, ita ke tsaya wa mai jego, ita ke ce wa jikanta namiji "mijina" ta ce wa macen "kishiya", ita ke buɗe dare da ga ta nan ga ta nanku. Wannan ba wasa ba ne kawai, aiki ne, kuma shi ke sa tsohuwa ta ji tana da dalilin tashi da safe. Su kansu Turawan wasu sun farga. A garin Deventer na ƙasar Holan, a farkon shekarun 2010, wani gidan tsofaffi mai suna Humanitas ya ba ɗaliban jami'a ɗakuna kyauta, da sharaɗin kowanne ya ba tsofaffin awa 30 na lokacinsa a wata. Abin da muke da shi a banza, su da dabara suka nemo shi.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan har namu ya fi, me ya sa Gwaggo ta ce da ta tafi?

Na koma na tambaye ta. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Ba ku rage ni da komai ba, Allah ya yi muku albarka. Amma ke kina kan rubutunki, maigidan yana kasuwa, yaran daga boko sai Islamiyya, in sun dawo kowa ya sunkuya a kan waya. Ni da wa zan yi magana? Rabona da aminiyata tun bikin wance." Na lissafa, shekara biyu ke nan. Mun ɗauko ta daga cikin gari inda gida ke shiga gida, inda in ta yi tari maƙwabciya za ta ce sannu ta kan katanga, mun kawo ta sabuwar unguwa mun rufe ta da ƙofar ƙarfe, muna ta murna mun riƙe tsohuwarmu. Ashe tana tsakiyar yara amma ba ta da yaran, ba ta kuma da sa'annin. Tsohuwar Arizona ta rasa ɗaya, tawa ta rasa biyu.

Da na gaya wa ƙanena haka shiru ya yi, can ya ce, "Yaya, ni ma ai ba ni da bakin magana. Kullum ina tura keken iyayen wasu saboda dala, Gwaggon da ta goye ni kuwa shekara 6 ban sa ta a ido ba."

Mu daina cika bakin cewa mu ba ma yar da tsofaffinmu. Su waye tsofaffin matan da ke miƙa hannu a mahaɗar tituna cikin rana? Daga sama suka faɗo? Su waye ke faɗuwa a layin tantance 'yan fansho? Tsohuwa nawa ce ruɗewar tsufa ta kama, tana sambatu, maimakon a kai ta asibiti aka ce mayya ce? Kuma ga zamani ya juya, gidan gandu na watsewa, kowa na neman ɗaki biyu da falo shi da matarsa, 'ya'ya na Abuja da Legas da ƙasashen waje. Abin da ya haifi Sun City yana ƙofar gidanmu, mu kuwa ba mu da fanshonsu ba mu da asibitinsu. Gemun ɗan'uwanka in ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni dai ba na goyon bayan a gina mana garin da za a hana yaro shiga, ko kyauta aka ba ni gida a ciki ba na so. Amma akwai abin ɗauka a wurinsu, kuma ba sai da dala ba. Tsoho na bukatar sa'ansa, to a kai shi wurinsu, zumunci a ƙafa yake. Me zai hana matan unguwa su ware yini ɗaya a mako, tsofaffi su haɗu a gida ɗaya, a yi karatu, a yi hira, a samu ma'aikaciyar jinya ta auna musu hawan jini da suga? Mai gina gida ya tuna da tsohuwarsa, kar a kai ta ɗakin can ƙurya, a sa mata abin dafawa a banɗaki, a rabu da tayil mai santsi. Sannan uwa uba a bar mata aikin da za ta ji ana bukatarta, ko da tsinkar zogale ne, ko rakiyar karatun allo.

Ni abin da na iya ke nan: duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan sa Gwaggo a a-daidaita-sahu tare da autata su tafi cikin gari wurin aminiyarta, sai magariba su dawo. Na kuma kafa dokar ajiye waya bayan isha. Ba zan yi muku ƙarya ba, yaran suna ta ƙunƙuni, wani daren ma dokar ba ta aiki, ni kaina nakan karya ta. Amma ran nan na ji ta tana faɗa da autar a kan wai ta ƙwace mata miji, suna ta dariya, na ce a raina rabon da in ji wannan muryar har na manta.

Na haura arba'in, furfura ta fara leƙowa. Duk yadda yarana suka ga ina yi da Gwaggo, karatu suke ɗauka, kuma a kaina za su biya shi. Kai ma mai karatu, in akwai tsoho a gidanku, yau in ka koma kar ka tsaya a "an ci abinci?" Zauna ka tambaye shi rabonsa da abokinsa.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye, ya sa mu yi tsufa mai albarka cikin 'ya'ya da jikoki. Wassalam.